An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Bambanci Tsakanin Toshewar Masai da Toshewar Babban Bututu

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya

  



Gabatarwa

Kafin mu shiga cikin bayani, ya zama wajibi mu nemi afuwar iyayenmu da ke zaune a nan, domin batun da aka ɗora mana ba irin wanda aka saba ambata a gaban manya ba ne. Bahaushe mutum ne mai kunya, shi ya sa ma ya yi wa wurin sunaye na sakayawa: bayan gida, makewayi, banɗaki. To amma larura ta kan sa a faɗi abin da kunya ta hana, kuma larurar ta same mu a daminar da ta wuce.

Da yawa daga cikinmu sun san abin da ya faru da banɗakunan da wannan ƙungiya ta gina a gefen masallacin Juma'a. Ruwa ya daina wucewa, wari ya tashi, masallata suka fara ƙaurace wa wurin alwala. Aka kira ma'aikaci ya zuba ruwan batir, abin bai yi ba. Aka fasa siminti aka tumɓuke tangaran biyu aka sa sababbi, bayan mako guda matsalar ta dawo kamar ba a taɓa komai ba. Daga ƙarshe wani dattijon magini ne ya zagaya bayan ginin, ya ɗaga murfin wani ɗan rami, ya tarar da shi cike maƙil. Ashe jijiyoyin darbejiyar da muke shan inuwarta ne suka kutsa ta mahaɗar babban bututu suka toshe shi. Aikin rabin yini ya warware abin da ya cinye mana kuɗin ƙungiya da makonni. Ba mu kawo wannan labari domin zargin kowa ba, domin dukkanmu muna wurin, kuma babu wanda ya ce a duba baya. An bar jaki an yi ta dukan taiki ne saboda rashin sani, kuma rashin sanin nan shi muke son mu kawar a yau.

Yadda ginin yake

Masan da muka gada daga iyaye rami ne kai tsaye. Ba ya toshewa. Sai dai ya cika, ko ya rufta. Masai na zamani kuwa, wanda ake korawa da ruwa, yana da gaɓoɓi da dama, kuma wanda bai san gaɓoɓin ba ba zai san inda ciwo yake ba.

Gaɓa ta farko ita ce tangaran ɗin da ake gani a cikin banɗaki, na zama ne ko na tsuguno. A ƙarƙashinsa akwai wata lanƙwasa mai kamar gwiwa, wadda kullum take riƙe ɗan ruwa. Wannan ruwa shi ke tare wari da ƙwari kada su biyo bututu su shigo ɗaki. Wani mai gyaran agogo ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Cumming ne ya yi rajistar wannan dabara a birnin Landan a shekarar 1775, kuma har yau ita ake amfani da ita. Sai dai wannan gwiwa ita ce wuri mafi ƙunci a duk hanyar, don haka nan ne abubuwa suka fi maƙalewa.

Gaɓa ta biyu ita ce ɗan bututun da ya fita daga kowane banɗaki, mai faɗin inci 4 a bisa al'ada. Waɗannan ƙananan bututu su ke haɗuwa su zuba a cikin babban bututu guda ɗaya da ke binne a ƙasa, wanda shi ne gaɓa ta uku. A kan hanyar wannan babban bututu magina suna barin ƙananan ramuka masu murfin siminti ko na ƙarfe, waɗanda suke kira camba, musamman a inda bututu biyu suka haɗu ko inda hanya ta yi kwana. Akwai kuma wani siririn bututu da ake miƙewa sama har ya wuce rufin ɗaki, wanda aikinsa shi ne fitar da iska.

Gaɓa ta ƙarshe ita ce abin da muke kira sokawe. A haƙiƙa ramuka biyu ne idan an yi ginin yadda ya dace. Na farko an shafe shi da siminti ciki da bai, a nan ƙazanta mai nauyi take kwantawa ta ruɓe. Ruwan da ya taso sama sai ya tsallaka zuwa rami na biyu, wanda aka bar wa kafofi domin ƙasa ta riƙa tsotsewa. 'Yan'uwanmu da ke zaune a wasu unguwannin Abuja su ba su da sokawe. Bututun gidajensu yana zuba ne a cikin babbar hanyar gwamnati, wadda ke kai ƙazantar zuwa matatar Wupa. Amma a garuruwa irin namu kowane gida da raminsa.

Ƙa'ida guda ɗaya

Mu da muka yi aikin koyarwa muna da wata ƙa'ida da aka koya mana tun a kwalejin horon malamai. Idan yaro ɗaya ya faɗi jarrabawa, a binciki yaron. Idan aji gaba ɗaya ya faɗi, a binciki malamin. Haka abin yake a nan. Idan masai ɗaya ne ya ƙi wucewa alhali sauran suna aiki lafiya, to ciwon yana cikin wannan masai ko ɗan bututunsa. Idan kuwa biyu ko uku suka yi tsaye a lokaci guda, to a bar tangaran ya huta, a nemi abin da suka yi tarayya a kansa, wato babban bututu ko sokawe. Duk sauran alamomin da za mu kawo rassa ne na wannan ƙa'ida.

Alama ta farko ita ce ƙidaya. Kafin a kira kowa, maigida ya zagaya dukkan banɗakunan gidan, ya kora bokiti guda na ruwa a kowanne, ya ga wanda ya wuce da wanda ya tsaya. Wannan aikin minti biyar ne, kuma shi kaɗai yakan raba gardama.

Alama ta biyu ita ce inda ruwan yake ɓullowa. Ruwa ba ya hawa tudu sai ya rasa gangare. Idan gwiwar masai ce ta toshe, ruwan da aka kora zai taso ne a cikin wannan tangaran ɗin, ya tsaya, ko ya riƙa sauka a hankali. Idan kuwa babban bututu ne, ruwan zai wuce gwiwa, ya tarar da hanya a rufe, sai ya nemi mafita a wuri mafi ƙasa a gidan. Shi ya sa za a kora masai a ɗakin maigida, sai a ga baƙin ruwa yana tasowa ta rariyar wurin wanka a ɗakin baƙi. A gidan bene kuwa, na sama za su ce su ba su ga matsala ba, alhali duk abin da suka kora yana fitowa ne a banɗakin na ƙasa. Mun ga wannan ya haddasa rigima a gidajen haya, ana zargin wanda ke ƙasa da ƙazanta, alhali shi aka zalunta.

A nan akwai abin lura. A gidajenmu da yawa ruwan wanka da na wanke-wanke ba sa bin hanyar masai. Ta rariya suke fita zuwa kwata. A irin wannan gida, wucewar ruwan wanka lafiya ba hujja ba ce cewa babban bututu yana buɗe. Sai a kwatanta masai da masai.

Alama ta uku ita ce ƙara. Idan aka kora masai ɗaya sai aka ji wani yana ƙugi, ko aka ga ruwan da ke gwiwarsa yana kumfa yana motsi ba tare da an taɓa shi ba, wannan iska ce da ta rasa hanya take dawowa baya. Yawanci tana nuna cewa babban bututu ya fara cushewa tun kafin ya rufe gaba ɗaya. Amma idan ƙarar ce kawai, ruwa kuma yana wucewa, a fara duba bututun iska na kan rufi, domin tsuntsaye kan yi sheƙa a bakinsa.

Alama ta huɗu, wadda ita ce alƙali, ita ce buɗe camba. Gidan da masai ɗaya ne kawai a cikinsa ba shi da abin kwatantawa, don haka wannan ita ce hanyarsa. A ɗaga murfin cambar da ta fi kusa da banɗakin, mutum ɗaya ya tsaya yana kallo, wani ya kora ruwa a ciki. Yana da kyau a jiƙa ɗan shuɗin wanki a cikin bokitin domin a shaida ruwan idan ya iso. Idan camba tana wayam kuma ruwan bai iso ba, ko ya iso yana ɗiga, to toshewar tana tsakanin tangaran da camba, ƙaramin aiki ne. Idan kuwa aka tarar da camba cike da ruwa a tsaye, to tangaran ba shi da laifi, matsalar tana gaba. Sai a bi cambobin ɗaya bayan ɗaya zuwa wajen sokawe. Inda aka sami mai cike, ta gaba da ita kuma babu komai, to tsakaninsu toshewar take, kuma nan kaɗai za a yi aiki. Idan duka a cike suke har zuwa bakin rami, to sokawe ne ya cika ko ya daina tsotsewa.

Alama ta biyar ita ce lokaci da yanayin ƙasa. Toshewar masai takan zo ne farat ɗaya, jiya lafiya yau babu, kuma sau da yawa idan aka bincika za a ji cewa wani abu ya faɗa ciki. Ta babban bututu kuwa takan yi sallama tun daga nesa: ruwa yana rage gudu mako bayan mako, a gyara ya dawo, a sake gyarawa ya sake dawowa. Idan kuma matsalar ba ta tashi sai a watan Agusta lokacin da ruwa ya yi marka, ta lafa da kanta idan rani ya shigo, to ƙasa ce ta ƙoshi da ruwa har ramin ya kasa zubarwa. Haka nan damshi a gindin katanga, ko ciyawa mai kore shar a kan hanyar bututu a tsakiyar rani, ko ƙasa da ta lotsa, duk suna nuna bututu ya fashe a ƙarƙashi.

Ga waɗanda ke zaune inda ake tarayya a kan hanya guda, kamar rukunin gidajen ma'aikata ko unguwannin Abuja da muka ambata, akwai ƙarin mataki: a tambayi maƙwabta. Idan su ma abin ya same su, aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a sanar da hukumar da ke kula da hanyar.

Me ke jawo kowanne?

Abin da ke toshe gwiwa kusan kullum daga hannunmu yake fitowa: ledar ruwa, tsumma, audugar mata, ƙunzugun jarirai na zamani, murfin buta, guntun sabulu, da duwatsu ko hoge da wasu suka saba tsarki da su a masan gargajiya. Akwai kuma ƙarancin ruwa. An ƙera masan zamani ne domin a kora shi da ruwa kamar lita 6 zuwa 9 a zubi ɗaya. Wanda ya tsiyaya rabin buta ya fita bai kora komai ba, ya dai tura ƙazantar ta kwanta a cikin bututu ta bushe. Duk wanda zai sa irin wannan masai a inda ruwa ke wahala, ya fara tanadin randa da bokiti a ƙofar banɗaki.

Babban bututu kuwa abokan gabansa su ne jijiyoyin itatuwa masu neman damshi, irin su darbejiya da mangwaro. Da yashi da ke shiga ta fasasshen murfi. Da maiƙo da ke daskarewa idan an haɗa ruwan kicin da hanyar. Da nauyin mota ko tifa da ke bi ta kan bututun da ba a binne da zurfi ba. Sai kuma kuskuren gini. Magina sun san cewa bututu mai inci 4 yana buƙatar gangare kamar na ƙafa ɗaya a cikin kowace ƙafa 40. Idan aka shimfiɗa shi a kwance babu gangare, zai yi ta toshewa har ranar da aka tone shi. Tun ran gini ran zane.

Abin yi da abin bari

Idan an tabbatar masai ne kaɗai, a daina ƙara masa ruwa kada ya yi ambaliya. A sami robar nan mai sanda da ake sayarwa a shagunan kayan famfo, a rufe bakin ramin da ita, a yi ta dannawa ana ja. Ruwa mai ɗumi da garin sabulu yakan taimaka, haka ma waya mai lanƙwasa da masu gyaran famfo ke zurawa. Kada a zuba tafasasshen ruwa, domin yana tsaga tangaran. Kada a soka rodi, domin yana fasa gwiwa. Ruwan batir da sauran magunguna masu ƙuna ba sa narkar da leda ko jijiya, suna kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta a cikin rami, kuma suna iya fallatsa a idon wanda zai zo gyara daga baya. Mafi haɗari shi ne haɗa ruwan batir da sinadarin bilic na wanki, domin suna fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Idan babban bututu ne, a tsayar da amfani da dukkan banɗakunan da ke kan hanyar, a kira mai gyara ya zura sandunansa ta camba. Idan jijiya ce, yanke ta kawai bai isa ba. Sai an gyara mahaɗar da ta shiga, in ba haka ba za ta dawo baɗi. Idan rami ne ya cika, a kira motar yashe masai, kuma a tabbatar ba a bakin rafi ko bayan gari kusa da gidajen mutane za ta juye ba.

Muna roƙon jama'a da babbar murya: kada kowa ya shiga ramin sokawe, kada kuma a tura yaro ko almajiri don an ba shi 'yan kuɗi. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ciki, wadda idan ta yi yawa hanci ma yakan daina jin ta, ta sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama, a yi asarar rai biyu ko uku saboda wayar salula da ta faɗa. Akwai kuma iska mai kama wuta, don haka kada a leƙa rami da ashana, ko aci-bal-bal, ko taba a baki. A buɗe murfi, a ja da baya ya sha iska, a haska da tocila.

Dalilin da ya sa abin ya shafi kowa

Wani zai ce wannan ai matsalar mai gida ce da aljihunsa. Toshewar masai ɗaya, e, ta tsaya a ɗaki ɗaya. Amma idan babban bututu ya fashe ko rami ya tumbatsa, ƙazantar takan bi ƙarƙashin ƙasa ko ta kwarara a lungu, kuma ba ta san iyakar gida ba. A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin mamatan, ya gano cewa yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke shan ruwa, a titin Broad. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin ƙazanta yana yoyo dab da rijiyar. A nan gida Nijeriya, a shekarar 2021 an sami sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihohinmu na Arewa su suka fi jin jiki. Taifot da shan inna su ma ta wannan hanya suke yaɗuwa. Shi ya sa masana kiwon lafiya suke ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Mu duba gidajenmu na cikin gari, mu ga nawa ne suka cika wannan sharaɗi, ko tsakanin ramin wani da rijiyar maƙwabcinsa.

A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili, kuma a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta cim ma wannan buri. Abin yabo ne. Amma mu sani, banɗakin da ya toshe aka garƙame shi da kwaɗo yana mayar da mutane bayan gari ne kamar ba a taɓa gina shi ba. Mun gani da idonmu a makarantu: a gina, a yi bikin buɗewa, bayan zango biyu a rufe, yara su koma gindin katanga.

Shawarwari

Saboda haka muna gabatar wa shugabannin ƙungiya waɗannan shawarwari. Na ɗaya, duk banɗakin da ƙungiya ta gina a masallaci, makaranta, kasuwa ko asibiti, a zana taswirar hanyar bututunsa da cambobinsa, a ajiye kwafi a wurin sakatare. Na biyu, kada a yarda a shafe camba da siminti ko a shimfiɗa tayil a kanta don neman kyau. Na uku, a riƙa buɗe cambobi da ramuka ana dubawa sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, a kuma yashe rami kafin laka ta kai rabinsa. Na huɗu, a ajiye kwandon shara mai murfi da wadataccen ruwa a kowane banɗaki. Na biyar, kada ma'aji ya fitar da ko sisin kwabo na gyara sai an kawo masa amsar tambayoyi biyu: masai nawa ne suka tsaya, kuma me aka gani da aka buɗe camba? Na shida, a zaɓi matasa biyu ko uku a tura su koyon aikin famfo da kuɗin ƙungiya, domin mu sami namu na gida, su ma su sami abin dogaro.

Dattawan da ke nan suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jin an ce ga shi nan tafe ya isa a share gida a rufe masai. Yau babu mai zuwa ya duba mana, sai dai kowane maigida ya zama duba-garin gidansa, mai unguwa kuma na unguwarsa. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin ranar da ruwa ya fara rage gudu. Ku faɗa da wuri, kada kunya ta hana.